Wayar Ofis Mai Bin Intanet: Tambayoyi da Amsoshi Kan Matsalar da Ke Zuwa Tana Tafiya

Wayar da ta mutu murus ba ta wahalar da mai gyara, don ana zuwa ana ganin abin da ya kashe ta. Wadda ke cin rai ita ce mai zazzaɓin dare: da safe garau, bayan azahar ta fara tsinke kira, ana kiran injiniya ta warke, yana juya baya ta dawo. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda masu ofis, asibitoci, otal-otal da makarantu suka fi yi mini kan irin wannan ciwo, a wayoyin da ke fita waje ta layin SIP.

Wai shi layin SIP ɗin nan mene ne, kuma me ya bambanta shi da layin waya na da?

A zamanin NITEL kowane layi igiyar jan ƙarfe ce da aka jawo daga ofishin waya har teburinku. In ta tsinke babu waya, in tana nan akwai waya. Yanzu na'urar rarraba kira ta ofis, wato PBX (ko Asterisk ce, ko 3CX, ko Yeastar, ko Grandstream), tana magana da kamfanin layi ta cikin intanet ɗin da kuke aika wasiƙa da kallon bidiyo da shi.

Abu ɗaya za ku riƙe, domin rabin amsoshin da ke tafe a kansa suka tsaya: kowane kira hanya biyu yake bi. Akwai saƙonnin ƙulla kira, waɗanda ke cewa "ga kira", "tana ƙara", "an ɗauka", "an ajiye". Su ne SIP, kuma galibi ta ƙofa mai lamba 5060 suke wucewa, ko 5061 idan an rufe su da sirri. Sannan akwai muryar kanta, wadda ake yankawa ƙananan fakiti ana aikawa ta wasu ƙofofi dabam, ana kiranta RTP. A Asterisk an saba ba ta ƙofofi daga 10000 zuwa 20000. Saƙo na iya wucewa murya ta maƙale, murya na iya wucewa saƙo ya ɓace. Shi ya sa waya za ta yi ƙara, a ɗauka, a yi ta "halo, halo" babu mai jin wani.

Injiniya, duk ranar da ka zo sai wayar ta yi lafiya lau. Ya za mu yi?

Ku sayi ɗan littafin rubutu ku ajiye a gefen wayar da ke karɓar baƙi. Ba wasa nake ba. Babu na'urar bincike da ta kai wannan littafin amfani a makon farko.

Duk kiran da ya samu matsala a rubuta kwanan wata da lokaci har da minti, lambar da ta kira, lambar da aka kira, wayar wane tebur ce, kiran shigowa ya yi ko fita, sannan ainihin abin da ya faru. A nan ne ake samun gardama, domin kowa "netwok ne babu kyau" yake rubutawa. Wannan ba bayani ba ne. Ta ƙi yin ƙara ne? Ta yi ƙara aka ɗauka shiru? Ana cikin magana ta tsinke, bayan minti nawa? Wa ya daina jin wa? Muryar ce ke yankewa, ko kuwa amsa-kuwwa ake ji? Kowanne daga cikin waɗannan ciwonsa dabam, maganinsa dabam.

Bayan kwana biyar ko mako guda ku buɗe littafin ku duba. Matsalar da ake cewa tana zuwa ne yadda ta ga dama kusan koyaushe tana da lokacinta. Ko dai wayoyin hawa na biyu kaɗai take kamawa, ko kiran da ke zuwa daga kamfanin sadarwa ɗaya, ko tsakanin ƙarfe biyu da uku na rana, ko safiyar Litinin, ko daidai lokacin da ake tada janareta. Da an ga wannan tsari an daina lalube cikin duhu. Idan waya ɗaya ce, a duba igiyarta da ƙofarta a suwic, wato akwatin da igiyoyin netwok na ofis ke haɗuwa a cikinsa. Idan dukkan wayoyi ne amma kiran cikin gida tsakanin tebur da tebur lafiya yake, to laifin daga rauta ne, wato akwatin da ke haɗa ofis da intanet, zuwa waje. Idan har kiran tebur zuwa tebur yana yankewa, ku ƙyale kamfanin layi ya huta, ɓarnar a cikin gidanku take.

Amma ai da mun kashe rauta mun kunna sai komai ya dawo. Me ya sa kake hana mu?

Ban hana ba idan aiki ya tsaya cak kuma abokan ciniki na jira. Sai dai ku sani kashe-kunna share sawun ɓarawo ne. Yawancin ƙananan rautoci a ƙwaƙwalwar wucin gadi suke ajiye bayanan abin da ya faru, ana ɗauke musu wuta komai ya goge. Kafin a kai hannu kan soket, a ɗauki hoton shafin PBX da ke nuna ko layin yana da rajista (wato PBX ta sanar da kamfanin layi inda za a same ta), a ɗauki hoton fitilun rauta, a rubuta lokaci. Minti biyu ne.

Kuma shi kansa warkewar bayani ce. Idan kunna rauta kaɗai ke gyara lamarin ba tare da an taɓa PBX ba, akwai alamar jerin da rauta ke ajiyewa don tuna wa ke magana da wa ne ya riƙe tsohon bayani.

Kira na shiga lafiya, muna jin juna, amma bai fi rabin minti ba sai ya tsinke. Mene ne?

Ku sa agogo. Idan a sakan 32 yake mutuwa, ko kusa da haka ƙwarai, to an gano shi. A ƙa'idar SIP, idan aka ɗauki kira, ɓangaren da ya ɗauka yana aika saƙon "200 OK", sai ɗaya ɓangaren ya mayar da "ACK", wato na ji. Idan ACK bai iso ba, mai ɗauka zai yi ta maimaita saƙonsa, kuma ƙa'idar da aka rubuta a RFC 3261 tun 2002 ta yanke masa wa'adi: rabin sakan sau 64, wato sakan 32. Wa'adin na cika sai ya ɗauka babu kowa a layin, ya ajiye, alhali kuwa mutane na tsakiyar magana.

Abin da ya fi ɓatar da ACK shi ne adireshi. PBX ɗinku ta rubuta a cikin saƙonta cewa a same ta a adireshin cikin gida, irin mai farawa da 192.168, wanda babu mai iya isa gare shi daga waje. Ko ta rubuta adireshin waje, amma na jiya, domin kamfanin intanet ya canja muku shi cikin dare. Wannan na biyun ne ke sa matsalar ta zama mai zuwa da tafiya. A shiga saitin PBX a tabbatar ta san adireshinta na waje na yanzu, ta kuma san waɗanne adiresoshi ne na cikin gida.

Namu kuma sai an daɗe ana magana, wajen minti 15 ko 30, yake tsinkewa.

Wannan agogon sabunta zama ne. Ɓangarorin biyu kan yi yarjejeniya cewa za su riƙa tabbatar wa juna kiran na nan da rai. Wa'adin da aka fi sawa sakan 1800 ne, ana sabuntawa a rabinsa, sakan 900. Idan saƙon sabuntawar ya ɓace ko ɗaya ɓangaren ya ƙi shi, kira zai faɗi a minti 15 ko dab da minti 30. Ana daidaita saitin da na kamfanin layi, ko a kashe shi idan sun yarda. Ma'aikata da yawa ba sa kawo ƙarar wannan, suna zaton wancan ne ya ajiye musu waya.

Idan kuwa a awa ɗaya cif ko awa biyu cif yake yankewa, ku tambayi kamfanin ko sun sa iyakar tsawon kira.

Ina jin mai kira, shi ba ya ji na. Ko shi yana ji na, ni shiru.

Fara da tantance wanda ba ya ji, domin shi ke nuna inda fakitin murya ke maƙalewa. Idan ku ne ba kwa jin na waje, murya ba ta shigowa: ko katangar tsaro ta rufe ƙofofin RTP, ko an ba kamfanin layi adireshin da ba daidai ba sun aika muryar can wani wuri. Idan na waje ne ba ya jin ku, a duba hanyar fita, a kuma duba kan wayar da igiyarta mai lanƙwasa, don na sha ganin an kwana biyu ana binciken rauta ashe makirufon kan waya ne ya mutu.

Ga wani tarko da ke sa abin ya zama jefi-jefi. PBX na zaɓar ƙofa daga 10000 zuwa 20000, amma wanda ya saita rauta 10000 zuwa 12000 kawai ya buɗe. Duk kiran da ya faɗa cikin buɗaɗɗun ƙofofi lafiya lau, wanda ya faɗa sauran kuwa kurma ne. Mai ofis sai ya rantse aljanu ne, alhali lambobi biyu ne ba su yi daidai da juna ba.

Kowa sai cewa yake a kashe SIP ALG. Mene ne shi?

Wani ɗan karambani ne da ke cikin rautoci da yawa, an sa shi ya riƙa buɗe saƙonnin SIP yana gyara adireshin da ke ciki don ya taimaka. Sau da yawa gyaran gangar Auzinawa yake yi: ya gyara layi ɗaya na saƙon ya bar wani, ko ya sake gyara abin da PBX ta riga ta gyara. Idan PBX ɗinku ta san adireshinta, ba ta buƙatarsa. A MikroTik yana ƙarƙashin IP, Firewall, Service Ports, da sunan sip. A wasu rautocin yana ɓoye a shafin NAT ko na tsaro.

Ku tuna a ofisoshi da yawa rauta biyu ce a jere, ta kamfanin intanet da taku. Kun kashe a taku, yana nan daram a tasu. In ba ku da mabuɗin shiga tasu, ku nemi su kashe muku, ko su mayar da akwatin nasu gada kawai ya bar rautarku ta yi aikin. Bayan an kashe a sake kunna rautar, don tsoffin bayanai su fita.

Mu muna iya kiran waje koyaushe, amma abokan ciniki na cewa wani lokaci layinmu ba ya shiga.

Wannan ita ce mafi tsada cikin matsalolin, domin ba ku ma san ana yi ba. Wanda ya kira bai samu ba, maƙwabcinku zai kira.

Dalili na farko mantuwar rauta ce. Idan PBX ta yi rajista da kamfanin layi, rauta na buɗe mata ƙaramar kafa ta yadda amsa za ta dawo. Idan aka yi shiru, rauta na rufe kafar, wasu bayan sakan 30 kacal, wasu bayan minti biyu ko uku. Ita kuwa rajista, in ba a taɓa saitinta ba, sau da yawa bayan sakan 3600 ake sabunta ta. Ke nan kafar a buɗe take na ɗan lokaci bayan kowace rajista ko kowane kiran fita, sauran lokacin kuwa kamfanin layi na ƙwanƙwasa ƙofar da aka rufe. Alamarsa ita ce da rana, lokacin da ake ta kira, komai lafiya, amma kiran farko na safe ko na bayan sallar Juma'a ba ya shiga. Magani: a rage wa'adin rajista zuwa minti ɗaya ko biyu idan kamfanin ya amince, a kuma sa PBX ta riƙa aika ɗan saƙon "ina nan" duk sakan 20 zuwa 25.

Dalili na biyu, kamfanin layi na da sabar, wato kwamfutar da ke sarrafa kira, fiye da ɗaya. Ku kun ba adireshi ɗaya izinin shigowa, su kuwa suna turo kira daga uku ko huɗu. Wanda ya zo ta sananniyar hanya ya shiga, sauran PBX ta ɗauke su baƙi ta kore su. Ku nemi cikakken jerin adiresoshinsu, na saƙo da na murya, a rubuce.

Na uku mai sauƙi ne har ana jin kunyar faɗarsa: layukan sun cika. Kun biya kuɗin kira huɗu a lokaci guda, na biyar ya zo.

Intanet ɗinmu mai gudu ne, mun gwada mun ga megabit 50. Me ya sa murya ke kakkaryewa?

Domin murya ba yawa take nema ba, tsari take nema. Kira ɗaya da tsarin aika murya na G.711 bai wuce kilobit 87 a sakan ba a kowane ɓangare, da G.729 kuwa wajen 31. Kira goma a lokaci guda ba su cika megabit ɗaya ba. Amma kowane kira fakiti 50 yake aikawa a sakan, ɗaya duk milisakan 20, kuma dole su iso a jere a kan kari. Shafin intanet in ya makara rabin sakan babu mai lura. Murya in ta makara haka an jefar da ita, ba a sake aikowa.

Abu uku ake aunawa. Jinkiri: shawarar hukumar sadarwa ta duniya, ITU, mai lamba G.114 ta ce in tafiya ɗaya ba ta wuce milisakan 150 ba hira na tafiya daidai, in ta haura 400 kuwa sai a riƙa cin karo da juna a magana. Sai rashin daidaiton isowa, wanda ake so ya tsaya ƙasa da milisakan 30. Sai ɓacewar fakiti, wanda da ya wuce kashi 1 cikin 100 kunne ya fara ji. Gwajin gudu na sakan goma ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata. A bar ping ko mtr, manhajar auna jinkiri da ɓacewar fakiti, yana tafiya zuwa adireshin kamfanin layi yini guda, a ajiye sakamakon, a gwama da littafin nan na gefen waya.

Kuma ku dubi gudun aikawa, ba na saukewa kaɗai ba. Na taɓa yin mako biyu a kan wani ofishin dillancin kaya inda murya ke lalacewa kullum bayan la'asar. Mun canja waya, mun canja igiya, mun yi wa kamfanin layi tijara har sau biyu. Rannan ina zaune kusa da akawu, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, na ga ya jona wayarsa da kwamfuta ya fara tura hotunan rasit da bidiyon lodin motoci na yinin gaba ɗaya zuwa ma'ajiyar intanet. A daidai lokacin sakatariya ta ɗago kai ta ce, "Injiniya, ga shi ta fara." Hanyar fita megabit 5 ce kacal, hotunan sun cika ta, fakitin murya suna bin layi a bayansu. Kyamarorin tsaro masu tura hoto waje da sabunta Windows ma haka suke yi.

To a sa wa murya fifiko mana. Ba shi ke nan ba?

A sa, amma a san iyakarsa. Ana yi wa fakitin murya tambarin DSCP 46, rauta da suwic su riƙa gabatar da su. Wannan na aiki a cikin gininku da bakin ƙofar fita. Da fakitin ya shiga intanet na kowa da kowa, yawanci babu mai kula da tambarin. Abin da ya fi tasiri shi ne a taƙaita gudun rauta ya ɗan gaza abin da kamfani ke bayarwa, misali kashi 85 zuwa 90 cikin 100, don cunkoson ya taru a rautarku inda kuke da ikon cewa wa zai fara wucewa.

Wutar lantarki na da hannu a ciki?

A ƙasar nan ita nake fara tuhuma kafin kowa. Wayoyin tebur da yawa daga suwic suke shan wuta ta igiyar netwok. An ɗauke wuta, kafin a juya zuwa janareta sakan goma sun wuce, suwic ya mutu ya taso, kowace waya ta ɗauki minti ɗaya ko biyu tana farfaɗowa, akwatin intanet ma haka, wani lokaci ya dawo da sabon adireshi. Su ma'aikata ba su ga komai ba don kwamfutocinsu na hannu ne masu batir. Abin da suka sani kawai waya ta yanke.

Ku duba tsawon lokacin da kowace na'ura ta yi a kunne. Rautar da ake cewa ba a taɓa kashe ta ba amma ta nuna awa uku, ta ba da amsa. PBX, suwic, rauta da akwatin kamfanin intanet duk su hau UPS ko inbata, kuma a gwada batirin da gaske, a zare filogi a gani. Batirin da ya shekara uku a ɗaki mai zafi sau da yawa suna ne kawai.

Sauran abubuwan da ido ke gani: ƙurar hunturu da ta toshe fankar suwic har yana zafi yana kashe kansa da rana tsaka, ɓera da ya ci igiya a cikin silin, igiyar da ta wuce mita 100, da kebul ɗin bogi na alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, wanda ba ya jure ɗaukar wutar waya. Idan intanet ɗinku ta eriya ce a kan hasumiya, ku duba ko ranakun ruwan sama da iska ne littafin ya cika.

Mun sa layin intanet biyu don kada mu yanke. Sai ga shi abin ya ƙaru.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Idan rauta na raba kaya tsakanin layukan biyu, tana iya tura rajista ta layi na farko, murya ta na biyu. Kamfanin layi ya ga murya daga adireshin da bai sani ba ya watsar. A ɗaure PBX a kan layi ɗaya, na biyun ya zama na ko-ta-kwana. Sannan a saita rauta ta share tsoffin haɗe-haɗen SIP duk lokacin da aka sauya layi, in ba haka ba za ta ci gaba da tura saƙo da adireshin layin da ya mutu. Idan kamfanin da adireshi yake gane ku ba da kalmar sirri ba, dole su san adiresoshin biyu.

Za a iya ɗora layin SIP a kan Starlink ko rautar 4G?

Ana yi, kuma tun da Starlink ya fara aiki a Najeriya a farkon 2023 ofisoshi da yawa sun koma kansa. Abin lura shi ne irin waɗannan hanyoyi galibi ba sa ba ku adireshin waje naku na kanku, ku da mutane da yawa kuke tarayya a ɗaya. Idan adireshin da rautarku ta samu ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, haka abin yake. Buɗe ƙofa a rautarku ba zai yi amfani ba a nan. Sai dai layi mai rajista da kalmar sirri, da saƙon "ina nan" a kai a kai, kuma cikin hanyoyin aika saƙon SIP, TCP ko TLS sun fi UDP riƙe hanya. Wasu kan haƙa ramin VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya a cikin intanet, zuwa sabar da ke da tsayayyen adireshi. A 4G kuma ku sa ran murya za ta canja da yamma lokacin da unguwa ta hau hasumiya ɗaya.

Waɗannan lambobi da PBX ke nunawa, 403, 486, 503, me suke nufi?

Su ne dalilin da ɗaya ɓangaren ya bayar na ƙin kira. 401 da 407 ba matsala ba ne, tambayar kalmar sirri ce, sai in sun yi ta maimaituwa babu ƙarshe. 403 an hana ku: kuɗi ya ƙare, ko lambar da kuke nunawa ba taku ba ce, ko ba a ba ku izinin kiran wannan ƙasar ba. 404 ba a san lambar ba, yawanci yadda aka rubuta ta ne. 408 an jira amsa ba ta zo ba. 486 mai lambar na kan wani kiran. 488 ba ku daidaita kan tsarin murya ba, misali ku G.729 kaɗai kuka miƙa su kuwa G.711 suke so. 503 sabar ta cika ko ta kasa, ko kun kai iyakar layukanku. Abin tambaya kullum shi ne wa ya aiko da lambar, PBX ɗinku ko kamfanin layi.

Wasu lambobi ne kawai ba sa shiga.

Ku duba tsarin bugawa. Wani kamfanin na son lamba da 234 a gaba babu sifili, wani da alamar tarawa, wani da sifilin gida. Kuma tun farkon 2024 hukumar NCC ta ƙara wa lambobin layin ƙasa tsawo, na Legas da ke farawa da 01 suka koma 0201, na Abuja 09 suka koma 0209. PBX ɗin da aka saita kafin nan tana iya ƙin sabbin lambobin don tsawonsu bai dace da abin da aka koya mata ba.

In mun kira banki aka ce danna 1, muna dannawa ba ya ji.

Hanya uku ake aika sautin maɓalli: a cikin muryar kanta, ko a fakiti na musamman bisa RFC 2833 wanda 4733 ya gaje shi, ko a saƙon SIP INFO. Ku da kamfanin layi ku tsaya kan ɗaya, kuma ta biyun ce aka fi amfani da ita. Aikawa cikin murya a kan G.729 ba ta da tabbas, don matse muryar na lalata sautin. Shi ya sa yau ya yi gobe ya ƙi, gwargwadon tsarin muryar da kiran ya samu.

Kamfanin layi na cewa laifin kamfanin intanet ne, su kuma suna cewa na kamfanin layi ne. Wa za mu kama?

Kowa zai kare kansa muddin baki kawai kuka je da shi. Ku aika wa kamfanin layi misalai uku zuwa biyar na kwana ɗaya ko biyu da suka wuce, kowanne da lambar mai kira, lambar da aka kira, lokaci, da abin da ya faru. Kada ku bari ya daɗe, domin ba kowane kamfani ke daɗe da ajiye cikakken bayanin kira ba. Ku rubuta cewa lokacin agogon Najeriya ne, don sabobi da yawa da UTC suke aiki, mu kuwa muna gabansa da awa ɗaya. Na ga an rufe ƙorafi da cewa "ba mu ga kiran ba" saboda wannan awa ɗayar. Agogon PBX ɗin ma a tabbatar yana saita kansa ta NTP, hanyar daidaita agogo ta intanet.

Hujjar da ba a musu da ita ita ce kamun fakiti. A kan PBX mai Linux, sngrep na nuna saƙonnin kowane kira a jere kamar tsani, tcpdump kuma na iya kamawa dare da rana yana juya fayil yana goge tsoho don kada faifai ya cika. In an samu kiran da ya lalace, a buɗe fayil ɗin lokacin a Wireshark, ƙarƙashin Telephony, a ga wa ya aika BYE, saƙon ajiye waya, ACK ya iso ko bai iso ba, fakitin murya nawa suka ɓace kuma ta wane ɓangare. Idan fakitin sun bar rautarku cikakku suka isa can da giɓi, hanya ce. Idan tun a cikin gida suke da giɓi, naku ne.

A yi hattara da waɗannan fayiloli. Idan ba a rufe muryar da sirri ba, duk wanda ya samu fayil ɗin zai iya sauraron hirar. Da izinin mai ofis ake kamawa, a aika iya kiran da ake bincike, a goge saura.

Za a iya cewa kutse ne?

Yana faruwa. Duk PBX ɗin da ta buɗe 5060 ga duniya, ba a daɗewa na'urorin masu laluben kalmar sirri ke fara ƙwanƙwasa ta. Ko ba su shiga ba, yawan gwajin na iya nauyaya ƙaramar na'ura har kira ya riƙa yankewa. In sun shiga, cikin dare ko ƙarshen mako suke buga ƙasashen waje masu tsada, ku wayi gari kuɗi ya ƙare ko layuka sun cika. Ku duba tarihin kira na tsakar dare. A rufe ƙofar ga kowa sai adiresoshin kamfanin layi, a sa Fail2ban, manhajar da ke toshe adireshin mai yawan gwada kalmar sirri, ko makamancinsa, a rufe kiran ƙasashen da ba ku hulɗa da su, kuma kada kalmar sirrin waya mai lamba 101 ta zama 101.

Shi ma Fail2ban yana da nasa: waya ɗaya mai tsohuwar kalmar sirri a reshenku na wani gari na iya sa a toshe adireshin reshen gaba ɗaya na ɗan lokaci, a sake shi, a sake toshewa.

Mun canja abubuwa da yawa jiya kuma yau shiru. Mun gama ke nan?

Wanne daga ciki ya yi maganin? Ba ku sani ba, ni ma ban sani ba, kuma wataƙila yau ɗin ranar hutun matsalar ce kawai. Abu ɗaya ake canjawa, a rubuta shi da lokacinsa a littafin nan, a adana kwafin saitin da aka taras, sannan a jira. Tsawon jiran ya danganta da yadda take zuwa: mai zuwa kullum a ba ta kwana uku, mai zuwa sau ɗaya a mako a ba ta mako biyu ko uku.

Akwai lokacin da babu abin da za mu iya yi daga ofis?

Akwai. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku da dama da ke gaɓar Afirka ta Yamma, ciki har da WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala lokaci guda, aka karkatar da zirga-zirga ta hanyoyi masu nisa. Wanda sabar layinsa ke Turai ya ji a jikinsa fiye da wanda tasa ke cikin gida. Ƙaramin irinsa kuwa kullum ne, duk inda ake aikin titi katafila na iya tsinke igiyar fayiba. Don haka tun ranar ƙulla yarjejeniya ku tambayi kamfanin layi a wane gari sabarsu take, ku gwada ping zuwa can daga ofishinku, sannan ku ba su lambar wayar hannu ɗaya da za su riƙa karkatar da kira zuwa gare ta duk lokacin da PBX ɗinku ta daina amsawa. Ku gwada karkatarwar ranar da komai ke lafiya: a zare igiyar intanet, a kira lambar ofis daga waje, a ga ko wayar hannun ta yi ƙara.